Tazarar Ƙafa Dubu

Dangin mijinta ne suka laƙaba mata Ta Sama, tun tana amarya, lokacin da take aiki a ƙololuwar hasumiyar filin jirgi, inda gilashi ya zagaye mutum ta kowane ɓangare yana kallon jirage suna sauka suna tashi. Daga baya aka mayar da ita ɗakin rada, na'urar nan mai hango jirage tun daga nesa. Ɗakin a can ƙasa yake, babu ko taga, sai duhu da sanyi da allon da jirage ke rarrafe a kansa kamar ƙwari masu haske. Ita ta sauko, sunan ya ƙi saukowa.

'Yar direban babbar mota ce, ta tashi a gidan da ba a son magana mai harshen damo. Ubanta in ya tambaye ka abu ka ce "ina jin", sai ya ce je ka gama jin ka dawo. Ta gaji wannan, ta haɗa da zafin zuciyar da uwarta ke cewa ba ta san inda ta samo shi ba. Malamanta a makarantar koyon aikin sun ce zuciyar nan za ta kayar da ita. Ba ta kayar ba. In ta sa abin sauraro a kunne muryarta takan kwanta kamar ruwan randa, sai ta cire shi sannan masifar ta dawo.

Aikin a baki ba shi da wuya. Ita ke ba kowane jirgi tsayin da zai bi da inda zai nufa, kuma dole a bar tazarar ƙafa dubu tsakanin na sama da na ƙasa. Da Turanci ake maganar, ana kiran lambobi ɗaya bayan ɗaya don kada a ruɗe: ƙafa dubu goma sha ɗaya sai a ce ɗaya-ɗaya, dubu goma kuma ɗaya-sifili. In ta faɗa, matuƙi ya maimaita, ita kuma ta kasa kunne ta ji ya maimaita daidai. Wannan 'yar igiyar ce ke riƙe da ɗaruruwan mutanen da ke zaune a sama suna shan shayi, ba su ma san da ita ba.

Kujera biyu ce a gaban allon, domin aikin na mutum biyu ne, ɗaya na magana ɗaya na taya shi ji da gani. Amma an daɗe ba a ɗauki sababbin ma'aikata ba, duk wanda ya yi ritaya sai ya tafi da gurbinsa. Kujera ta biyu ta zama wurin ajiye jaka da kwanon abinci. Sun yi ƙorafi har bakinsu ya gaji, Manaja kullum amsarsa ɗaya, ana nan ana dubawa.

Mijinta malamin lissafi ne a sakandare, mutum mai sanyi, irin wanda ko akuya ta cinye masa littafi shi zai ba ta haƙuri. 'Ya'yansu uku. Amma gidansu ba gidan su Malam ake ce masa ba, gidan su Kyaftin ne. Kyaftin yayansa ne, matuƙin jirgin fasinja. Shi ya ɗauki nauyin ƙannensa bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya gina wa mahaifiyarsu, Inna, gidan da take ciki. Ko Inna Kyaftin take ce masa. In an taru a falonta yakan nuna Ta Sama da cokali ya ce, "Ga wadda nake bin umarninta a sama, ita kuma ta zuba min abinci a ƙasa." A yi dariya, ita ma ta yi yaƙe.

Abin da dangi ba su sani ba shi ne, kowa a ɗakin rada ya san halin Kyaftin a rediyo. Cinye magana yake yi, ya maimaita rabi ya haɗiye rabi, kamar mai ganin ya wuce a sa shi biya karatu. Ta taɓa yi masa maganar a gida cikin ladabi. Ya yi dariya ya ce, "Ƙanwata, ina tuƙa jirgi tun kina tsallen igiya."

Ranar da abin ya faru, da la'asar ne cikin damina. Hadari ya haɗo ya tsaya daidai kan hanyar da jirage ke bi su sauka, kowane matuƙi yana neman a ba shi wurin kaucewa. Ita kaɗai ce a gaban allo. Wani jirgin kaya ya tashi, ta ba shi ɗaya-sifili ta ce ya tsaya a nan. Jirgin Kyaftin yana saukowa cike da fasinja, hanyarsa za ta ratsa ta saman jirgin kayan, don haka ta ba shi ɗaya-ɗaya.

Ya fara maimaitawa ke nan, sai wani matuƙin ya danna maɓallinsa ya shigo da magana. Haka rediyon take, in mutum biyu suka yi magana lokaci guda ba ka jin ko ɗaya, sai wata ƙara mai tsinka kunne kamar ana jan ƙarfe a kan siminti. Da ƙarar ta ɗauke, wancan matuƙin ne ya ci gaba, muryarsa a sama, yana cewa walƙiya ce a gabansa, a ba shi hanya yanzu. Ta ba shi. Wani ya kira ta amsa, wani ma ya kira. Duk wannan lokacin zancen Kyaftin yana ranta kamar tukunyar da aka bari a wuta, tana cewa bari in sallami wannan in koma masa.

Da idonta ya koma kansa, lambar da ke gefen jirginsa ta riga ta wuce dubu goma sha ɗaya, tana ta raguwa. Ta danna maɓalli ta kira shi ta ce ya hau sama yanzu-yanzu. A daidai lokacin na'urar gargaɗi ta jiragen biyu ta ɗau kuka. Ta ga ɗigo biyun nan sun matso, sun haɗe sun zama ɗaya. Ba ta san tsawon lokacin da suka yi a haɗe ba. Sannan suka rabu, kowa ya kama gabansa.

Muryar Kyaftin ta shigo, wannan karon bai cinye ko harafi ba. "Ke kika ba ni ɗaya-sifili."

"Ɗaya-ɗaya na ba ka," in ji ta. "Tsaya a tsayin da kake, zan kira ka."

Ta ci gaba da aiki har ta sauke sauran jiragen, shi ma ta sauke shi, domin babu wanda zai karɓe ta. Ba a rasa rai ba. Amma lokacin da jirgin ya zabura sama, wata ma'aikaciyar jirgi tana tsaye tana tattara kofuna, ta faɗi, keken shayi ya danne mata ƙafa ya karya.

A ranar aka ɗauke ta daga kujerarta, aka ce sai an gama bincike. Ta isa gida da yamma ta tarar da Malam tsaye a bakin ƙofa riƙe da waya. Labari ya riga ta isowa, domin Kyaftin ya kira Inna tun bai cire rigar aiki ba, Inna kuma ta kira kowa.

"Sannu," in ji Malam. "Wai da gaske ke ce kika ba shi lambar da ba daidai ba?"

Ta tsaya tana kallonsa, jaka a kafaɗa. "Ba ka tambaye ni ko na sha ruwa ba. Ba ka tambaye ni me ya faru ba. An riga an gaya maka, tabbatarwa kake nema."

"Ba haka nake nufi ba."

"To matsa in wuce."

Kashegari Inna ta aika a kira ta. Falon Inna ta san shi kamar tafin hannunta: kujerun da har yau ba a cire musu leda ba, da hoton Kyaftin da hula da zanen zinare a kafaɗa, wanda ya fi na marigayi mahaifinsu girma. Kyaftin na kan doguwar kujera, ƙannensa mata biyu suna gefe, Malam ya raɓe kusa da ƙofa. Ta durƙusa ta gaishe da Inna, ta zauna a ƙasa.

"'Yar nan," in ji Inna, "tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ba wanda ya ce da gangan kika yi. In an kira ku gaban manyan nan, ki ce harshenki ne ya yi tuntuɓe, a rufe maganar. Ke in an dakatar da ke kina da miji, kina da ɗakinki. Shi kuwa in ya faɗi, gidan nan ne gaba ɗaya ya faɗi."

Fushi ya taso mata. Ta kafa ido a kan zanen kafet har ya lafa.

"Inna, duk abin da aka faɗa a rediyon nan naɗa ake yi. Ko na ce na yi tuntuɓe, faifai ba zai ce ba."

"Ni abin da na ji shi na bi," in ji Kyaftin, bai ko dube ta ba. "Na yi furfura a aikin nan, ba a taɓa kira na gaban kwamiti ba sai da aka fara barin yara a gaban allo."

"Yaya, yarinyar da kake faɗa 'yarta ta fari ta kusa gama sakandare."

Ɗaya daga cikin ƙannen ta ja tsaki. Inna ta ce, "Kin ga halin naki, ana ba ki shawara kina mayar da magana." Ta Sama ta waiwaya ta dubi mijinta. Yana duba faratansa.

Kwamitin bincike ya zauna a wani ɗaki mai dogon tebur, an jera robar ruwa a gaban kowa. Aka kunna faifai. Muryarta ta fito tar, ɗaya-ɗaya, babu inda-inda. Ta saki ajiyar zuciya tana ganin magana ta ƙare, ashe farawa ta yi. Shugaban kwamiti ya sa mai na'ura ya dawo da wurin ƙarar. Aka dawo da shi, aka sake, aka rage nan aka ƙara can, kowa ya karkata kai ya runtse ido, har can ƙarƙashin ƙarar aka tsinto muryar Kyaftin siririya tana cewa sifili.

"Kin ji ko?" in ji shugaban. "Ya maimaita ba daidai ba, ke kuma ba ki gyara masa ba."

"Ranka ya daɗe, sau nawa kuka saurara kafin ku ji?"

"Ba wannan aka tambaye ki ba."

"Kuna zaune da ruwan sanyi, ga mai na'ura yana tace muku, sai da kuka gaji da saurare sannan kuka ji. Ni sau ɗaya aka ba ni, ga hadari a gabana ga jirage cike da kunnena. Ban ji maimaitawarsa ba, ya kamata in sake tambayarsa nan take, ban yi ba. Wannan kayana ne, na ɗauka. To kujerar da ke kusa da ni, wadda ya kamata a ce da mutum a kanta yana taya ni ji, ita kayan wa ce?"

Manaja, da ke zaune a ƙarshen tebur, ya shiga juya bironsa kamar yau ya fara ganin biro. Shugaban ya ce ba maganar kujera ce ta tara su ba. Ranar da 'yan kwamitin suka sauko duba ɗakin rada kuwa, an kwashe jakunkuna da kwanuka, an kirawo wani daga hutu an ɗora shi a kujerar, yana ta hamma.

Hukunci ya fito cewa kuskuren na ɓangare biyu ne. Kyaftin aka yi masa gargaɗi, bai daɗe ba ya koma sama. Ita aka ce sai ta koma aji ta sake jarrabawa kamar sabuwar shiga, kafin nan ta zauna a ofishin da ake ba matuƙa bayanin yanayi. A gidan Inna ba wanda ya tuna cewa an zarge ta da ba da ɗaya-sifili kuma faifai ya ƙaryata. Inna cewa ta yi ai da ma ta faɗa, ga shi manya ma sun ce da laifinta.

Fushin nan ya hana ta sukuni, ba ta da inda za ta sauke shi sai kan yara da tukwane. Wata rana da ta tashi aiki ta sayi lemo ta tafi asibiti duba ma'aikaciyar da ta karye, domin a duk cikin maganar nan ita kaɗai ce ba ta yi komai ba, kuma ita ce a kwance. Ta same ta an ɗaure ƙafar an rataye, mace mai fara'a da son hira. Ta Sama ta faɗi ko ita wace ce, ta ba ta haƙuri.

"Haba Anti, ƙaddara ce," in ji matar. "Ni ban riƙe kowa ba. Shi ma Kyaftin ya zo, mutumin kirki ne wallahi. Kunnen nan nasa ne kawai ke ba shi wahala. Mu duk mun sani, in za ka kai masa shayi ka tsaya ta damansa, in ka tsaya ta hagu sai ka yi ta magana kai kaɗai."

Ta Sama ta ajiye lemon da take ɓarewa. "Tun yaushe?"

"Ya kwana biyu. Tun wani ciwo da ya yi bara." Sai matar ta ga yadda fuskarta ta canza, ta rage murya. "Na ɗauka a gida kun sani."

A mota abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya: talabijin ɗin falon Inna da ake ƙure wa murya duk ranar da Kyaftin ya zo, yadda ya canza wurin zamansa a tebur, yadda yake karkata kai in ana hira. Ta tarar da Malam a tsakar gida yana duba takardun ɗalibai. Ta tura yara gidan maƙwabta, ta tsaya a kansa.

"Kunnen Yaya na hagu. Ka sani?"

Jan bironsa ya tsaya. Bai ɗago ba, wannan kuwa ya ishe ta amsa.

"Ya ce min zai je asibiti," in ji shi a hankali. "Ya ce in shekarar nan ta fita. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa."

"Ni ce kowa? Kana zaune a falon nan, Inna tana cewa in ɗauki laifi in ɗora a kaina, yayanka yana kira na yarinya, kai kana da wannan a cikinka kana duba farce. Ka tare ni a bakin ƙofa kana tambaya ko ni ce. Kafin a kunna faifan nan na yi ta tuhumar harshena, ina shiga banɗaki ina faɗin lambar ina saurara ko da gaske tana fita kamar sifili. Kana ji na ta bango."

"Yayana ne. Shi ya yi min komai."

"Ni kuma a hanya ka tsince ni."

Ta shiga kicin ta kama wanke kwanukan da an riga an wanke, har fatar hannunta ta yi yaushi.

Akwai hanya mai sauƙi, ta ɗaga waya ta kira hukumar da ke ba matuƙa lasisi. Ta ɗauki wayar ta ajiye ya fi a ƙirga. A ƙarshe ta zaɓi ta je ta same shi ido da ido. Da hantsi ta isa gidansa, yana tsakar gida yana ba shukokinsa ruwa. Ta tsaya ta hagunsa, ba nisa, ta yi sallama ta gaishe shi da irin muryar da take magana da ita a rediyo. Bai juyo ba. Ta sake, ruwa na ta zuba. Sai ta zagayo gabansa.

"A'a, Ta Sama, yaushe kika shigo?"

"Na jima, Yaya. Ina nan ta hagunka ina gaishe ka."

Ya dube ta, ya dubi tiyon da ke hannunsa, ya je ya kashe famfo. Ya gane.

"Me kike so?"

"Ka je wurin likitan matuƙa da ƙafarka, ka gaya masa gaskiya. In ka je da kanka, da mutuncinka za ka fita. In ba ka je ba, ni zan je."

"Ke za ki tona min asiri? Gidanmu aka kawo ki muka riƙe ki. Mijin da kike taƙama da shi ni na yi masa makaranta."

"Allah ya saka maka. Amma mutanen da ke zaune a bayanka a jirgi ba ka yi wa ko ɗayansu makaranta ba, amana suka ba ka. Gobe ni ce a ƙasa ina ba ka lamba, ko wani abokin aikina da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ranar nan abin ya tsaya a ƙafar mace ɗaya. Ba zan zauna in jira ranar da za a kwashi gawa ba."

"Fita min daga gida."

Ta fita.

Kyaftin ya je wurin likitan. Ba a san abin da ya kai shi ba, barazanarta ce ko kuwa abin da shi ma ya gani ta gilashi ranar nan, domin an ce har rubutun jikin jirgin kayan ya karanta. Likita ya auna ya ce ɗayan kunnen ma ya fara bin sahu, aka dakatar da shi daga tuƙi. Kamfaninsa ya ba shi aji yana koyar da sababbin matuƙa a ƙasa.

Dangi kuwa suka ce Ta Sama ta karya gida. Inna ta daina amsa gaisuwarta, in ta shigo sai ta juya fuska bango. Ƙannen suka ce da ma an san aikinta saukar da jirgi, ba a san har matuƙi take saukewa ba. An yi taruka a dangi ba a gaya mata ba, sai dai ta ji a bakin 'ya'yanta. Ba ta je ta ba kowa haƙuri ba, ba ta kuma hana yara zuwa wurin kakarsu ba. Ita da Malam suka daɗe suna zaman 'yan haya, daga gaisuwa sai maganar yara. Wata rana, bayan an jima, ya ce ta raka shi gidan Inna. Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce shi ya san zancen kunnen tun farko ya yi shiru, in akwai wanda za a ƙaurace wa to shi ne. Inna ta ce an shanye mata ɗa. A hanyar dawowa yana ta satar kallon matarsa, yana jiran ta ce wani abu.

"Ka makara," in ji ta, "amma ka zo." Iyakar abin da ya samu ke nan.

Ta ci jarrabawar ta koma gaban allo, sai dai wadda ta koma ba wadda ta tafi ba ce. Duk ranar da jirage suka yi yawa kuma ita kaɗai ce, sai ta rage hannu, ta bar masu shirin tashi a ƙasa suna jira har sai ta sami sararin jin kowa. Kamfanoni suka yi ta kiran Manaja, Manaja ya sauko yana huci.

"Kina sane jirage sun yi layi a waje?"

"Ina sane. Ko ka ba ni mutum, ko ka ba ni umarni a gaban shaidu cewa in sake su a haka, in wani abu ya faru sunanka ne."

Bai ba da umarnin ba, ba a kuma taɓa samun wanda ya yarda ya ba da shi ba. Aka riƙa lalubo mata mutum duk ranar aikinta, sauran abokan aikinta aka bar su yadda suke, har sai da su ma suka koyi taurin kai. An sha yin ƙarin girma ana tsallake ta. Matuƙa in suka ji muryarta sai su gyara zama. Sababbin ma'aikatan da ake ba ta ta koyar tsoronta suke ji, wasu har da kuka a banɗaki, ba ta kuma taɓa sassauta wa kowa ba.

Shekaru suka ja. Inna ta tsufa, ta zame ta faɗi, aka kwantar da ita a asibiti za a yi mata aiki a ƙugu. 'Ya'yanta mata suna garuruwan aurensu, sai dai waya. Ta Sama ce ta riƙa tashi daga aiki ta wuce asibiti da abinci, ta juya tsohuwa ta goge mata jiki. Inna tana kallon silin, ba ta ce sannu ba, ba ta kuma ce bari ba.

Ranar aikin aka bar su su biyu a kan benci a baranda, ita da Kyaftin, Malam ya tafi karɓo magani. Kan Kyaftin ya yi fari fat, ya rame, ga 'yar na'urar ji maƙale a bayan kunnensa. Can ya tambaye ta labarin sabuwar radar da aka ce an kawo musu, ta gaya masa a taƙaice. Ya sake tambaya ta amsa, domin a duk dangin su biyu ne kaɗai ke jin wannan yaren. Sai ya shiga murza hannu.

"Ranar nan," in ji shi, "wallahi sifili na ji."

"Na sani, Yaya. Ban taɓa cewa ka yi ƙarya a sama ba, ciwon kunne kuma ba laifi ba ne. Abin da ka yi bayan ka sauko nake magana. Ka san kunnenka, ka zauna ka bari a ce ni ce."

"Tsoro na ji."

"Ni ma na ji tsoro. Ban ɗora wa kowa ba."

Ya gyaɗa kai. Ta ga yana jiran ta ce komai ya wuce. Ta duba zuciyarta da gaske ko kalmar tana nan, ba ta same ta ba, ita kuma ba ta iya faɗin abin da babu. Sai wata nas ta leƙo ta ce an fito da tsohuwa, ta farfaɗo lafiya, mutum ɗaya ya shigo. Kyaftin ya yunƙura zai tashi.

"Mace ake so," in ji nas ɗin, "za a canza mata kaya."

Ta Sama ta miƙe ta ɗauki jakar zannuwan da ta wanko ta goge. "Zauna, Yaya," in ji ta. "In Malam ya dawo ka ce ya miƙo maganin ciki."